Bakin Ƙarfe

A Marwa, bayan babbar kasuwa, gindin darbejiya,
inda Baba Garga ke feɗe keken ɗinki
kamar mahauci ya sami rago,
nan na koyi abin da allo bai koya mini ba.

Mu nan turnabis muke ce masa,
baƙin Kano su ce sukundireba.
Baba ya ce, "Ku raɗa masa wanda kuka so,
sukuru baki ya sani,
bai san suna ba."

Wata Litinin wani ya sauko daga motar Kusiri
da jan akwatin roba, murfinsa kamar madubi,
kawuna talatin da biyu a jere
suna walƙiya kamar haƙorin Makka.
Jaka ɗaya da rabi.
Na juye kuɗin abincin rana na mako guda,
na cusa akwatin cikin riga,
ban ko tambayi Baba ba.

Jajiberin Sallah Inna Dudu ta aiko da kekenta,
atamfa tara na jira, masu kaya sun cika mata zaure.
Sukuru ɗaya ne tak, ƙarƙashin allura,
bai fi ƙwayar wake ba.
Na zaro sabon kai, na ɗora, na murɗa.
Ya zame.
Na danne da kafaɗa, na sake murɗawa.
Bakin ya karkace kamar lawashi a rana,
tsagar sukurun ta cinye, kansa ya yi sumul,
shi kuwa ko gezau bai yi ba.

Baba ya duba, ya duba ni.
Ya ɗauko guntun zarto daga gwangwanin madara,
ya shiga yanka sabuwar tsaga, kaɗan, kaɗan,
har aka kira isha'i ina riƙe da tocila.
Hannuna na rawa, hasken na rawa.
Da ma ya zage ni.
Bai ce mini kanzil ba.

Bayan Sallah ya ja ni rumfar Umate mai ƙarafa,
da tsofaffin sukurori uku a aljihunsa.
Ya ɗauki guda, ya sake shi kan siminti.
Ƙwas, kamar an yar da ƙashi.
Ya ɗauki wani, baƙi, marar ado,
wannan ya yi ƙara siririya, ta daɗe a kunne.
"Ka ji? Wancan ya ga wuta daga nesa,
wannan ya kwana cikinta.
Goga masa magagari:
in ya ci kamar rogo, mayar wa mai shi,
in ya zame yana kuka, riƙe, kar ka saki.
Sa bakin a tsaga, ka girgiza,
in ya yi lilo, gobe zai ci amanarka.
Damƙi mariƙin da tafin da ya sha mai,
ka ji ko zai tsaya maka.
Uku na kirki sun ishi mutum har tsufa,
talatin na banza ba su kai ka Juma'a ba."

Umate ya ce jaka huɗu.
Baba ya yi dariya, ya tambayi lafiyar ƙafarsa,
suka sha shayi, aka tashi a uku.
Daga ladana aka cire, wata biyu,
ban kuma ji ciwon cirewar ba.

Yanzu hazo ya sauka a idon Baba.
Yana zaune inda ya saba, ni ke kan benci.
In na sayo sabo, sai na miƙa masa,
ya shafa bakin da farcen babban yatsa,
ya sake shi ƙasa, ya karkata kunne,
ya ce, "To," ko ya ce, "Koma."
Har yau kunnen nan bai yi ƙarya ba.

Jan akwatin yana nan.
Kawunan na ba yara, sun yi ta wasa a yashin Kaliyawo.
Allurai nake zubawa ciki, da maɓallai.
Akwatin kam, Allah ya sani, mai kyau ne,
ko murfin bai tsage ba.