Mai Injin Kwafi

Shagona taku goma sha biyu ne daga ofishin tantance takardu,
ni na ƙirga.
Injin kwafi ɗaya, fanka mai tari, benci mai ƙafa uku da bulo.
Duk wanda za a auna iliminsa a wannan lungu na Accra
sai ya fara biyowa ta wurina.

Ranar Talata ta zo,
Baturiya, gumi ya jiƙe mata wuyan riga,
ta rungume jakar takardu a ƙirji kamar jinjiri.
Maureen Kowalchuk, daga Kanada,
daga garin da, in ji ta, gashin hanci ke daskarewa da safe.
Na ce a nan hanci lafiya lau, fayil ne ke daskarewa.
Ba ta yi dariya ba sai a zuwanta na uku.

Shekara tara tana koyar da Turanci a can.
Wata makaranta a Legon ta ce zo, amma kawo shaida.
Ta kawo. Aka ce ina hatimin da ke shaida shaidar?
Ta aika gida aka bugo.
Aka ce takardar maki sai a ambulan rufaffe,
ita kuwa ta buɗe nata tun a jirgi, don ta tabbatar tana ciki.
A digiri sunan gidan ubanta,
a fasfo sunan mijin da suka rabu tun bara waccan.
Aka ce ai mutum biyu ne,
je ki rantse cewa ke ce ke.

"Harshen uwata ne fa," ta ce, tana fifita da ambulan,
"da shi na yi kukan fari."
Na ce, Madam, kuka ba shi da lambar rajista.

Ban ba ta labarin Mutawakilu ba a ranar.
Ƙanena ne. A Kumasi ya karanta haɗa magunguna,
hotonsa da hular digiri na nan bisa talabijin ɗin tsohuwarmu a Nima.
Shekara shida ke nan yana ƙasarsu
yana jera kwalaye a sito da dare,
takardarsa na bin layi ita ma,
har an ce ya kawo shaidar ya iya Turanci,
yaron da ya ci gasar muhawara tun yana aji uku.

Na zaci zan ji daɗi,
ga ramuwa ta zo da ƙafarta, ta zauna a bencina tana shan ruwan leda.
Na laluba cikina, ban sami daɗin ba.
Yadda take ƙirga sidi a tafin hannu, leɓe na motsi,
na san wannan ƙirgar. A waya nake jin ta duk ƙarshen wata.

Ran Alhamis wuta ta ɗauke,
inji ya haɗiye digirinta har rabi, ya tsaya.
Muka zauna.
'Yata Zulaihatu na ƙasa da littafi, tana kokawa da aikin gida,
ita da wata kalma da ake rubutawa daban, a faɗa daban.
Matar ta sauka daga benci, ta durƙusa kan siminti,
ta ari fensir.
Minti arba'in. Na ga yarinya ta daina cizon yatsa,
na ji ta yi kuskure da ƙarfi ba tare da tsoro ba,
ta gyara da kanta.
Ina da tambari a aljihun tebur, na rasit ne kawai,
"An Biya" aka rubuta a jikinsa.

A nan na faɗa mata zancen Mutawakilu.
Ta yi shiru har mai koko ta wuce ta dawo.
Sai ta ce in rubuta mata sunan, harafi harafi,
ta maimaita sau uku har ta daina tuntuɓe a tsakiya.
Ba ta yi alkawarin komai ba. Na gode mata da hakan.

Wuta ta dawo, inji ya tofo sauran takardar da ɗumi.
Kwafi shida, na ƙara mata ɗaya gyara.
Ta tsallaka titi tsakanin trotro biyu,
lamba arba'in da ɗaya a hannunta,
ana kiran ta goma sha tara.