Waƙafi

Ƙarfe ɗaya na dare a Kakuri.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da batirin kwamfuta, kashi talatin da ɗaya.

Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa
ta miƙo mini mutanenta a dunƙule,
dogon zare, ba kai ba gindi:
suna, sashe, unguwa, shekarar sallama,
suna, sashe, unguwa, haka har ƙasa.
Aikina in yanka.
Na ce wa na'ura: duk inda kika ga waƙafi, sa almakashi.
Ba ta taɓa yi mini musu ba.

Ga su suna zubowa kamar gyaɗa daga ɓawo.
Barau Jatau. Rini. Makera.
Dogara Bitrus. Saƙa. Nasarawa.
Kowa ya faɗa gurbinsa ya zauna.

Sai Asabe Tanimu.
Magatakarda ya rubuta gidanta
yadda ake kwatanta wa ɗan acaba:
Unguwar Mu'azu, bayan injin niƙa, ƙofa shuɗiya.
Na'ura ta yanka inda na ce ta yanka.
Shekarar sallamar Asabe ta koma bayan injin niƙa,
ƙofarta ta rasa wurin tsayawa.
Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji kunya.
Na yi wa gidan shinge da alamar zancen wani,
na ce: abin da ke cikin shingen nan,
ko waƙafi goma ne, na masu gida ne, wuce.

Kashi goma sha biyu.
Layi na ɗari biyu da sha huɗu ban neme shi ba,
shi ya same ni.
Sambo Ɗangoggo. Kaɗi.
Sai waƙafi biyu kafaɗa da kafaɗa,
ba komai a tsakaninsu.
Wani bai san unguwar da zai rubuta ba,
ko ya sani, hannunsa ya ƙi.
Muna zuwa gaishe shi ranar Juma'a, ba a buga sallama.

Shekara ashirin da biyu yana ƙulla zaren da ya tsinke,
da yatsu biyu da ɗan yawu,
ga ɗansa ana biyansa ya tsinka.

Ana iya watsar da gurbin da ba komai.
Umarni ɗaya ne, gajere.
Amma in ka watsar, na bayansa ya gusa,
shekara ta zauna a kujerar unguwa,
lissafi ya karkace har ƙasa.
Na bar masa gurbinsa fanko.

Da aiki ya ƙare na duba:
ko waƙafi ɗaya bai tsira ba.
Ya raba, an yar da shi.
Na tuna kogin da ke tsakiyar garin nan,
rabin sunayen can hayi, rabi nan,
shi ba wanda ya yar da shi.

Kashi uku. Na adana.
Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano,
ɗis, tsaya, ɗis,
ban san wa yake yankawa ba.