Littafin Kan Dutse

Mu tara muka taso daga Kamnik
tun gari bai gama wanke ido ba.
Jernej ne a gaba, agogo a hannu:
awa huɗu, in ji shi, in gwiwa ta yarda.

Gwiwar Metka ba ta yarda ba.
Sai muka ari tafiyarta,
taku goma, numfashi,
taku goma, leƙen kwari
inda shanu suka koma ƙwayoyin wake,
ƙararrawarsu kaɗai ke biyo mu.

Inda itatuwa suka ƙare
Bojan ya fito da cuku da busasshen tuffa.
Wuƙa ɗaya ta zaga hannu tara.

A ƙololuwa gajimare ya riga mu zama.
Duk abin da aka ce za mu hango, babu,
sai akwatin ƙarfe ɗaure da sarƙa
da littafi mai danshi a ciki.

Metka ta yi ta juya shafi baya, baya,
har ta tsaya kan rubutun marigayi mijinta.
Biro ya ƙi, don sanyi.
Ta hura masa, ta ɗumama shi a hammata.

Jernej ya cusa agogonsa a aljihu.