Bayan An Cire Mini Yana

A asibitin Alappuzha aka cire mini yana,
idon dama tukuna, na hagu sai bayan damina.
Da suka kwance bandejin
ba mala'ika na fara gani ba,
kunnen Thresiamma na gani,
da ɗan kunnen da na saya mata shekarar da aka haifi Chacko,
ashe jan dutsen yana nan, bai faɗi ba.
Shekara shida ina kallon matata kamar ta bayan labule.
Ta ce, "Ouseph, me kake kallo haka?"
Na ce, "Kin tsufa."
Ta ce, "Jira a ba ka madubi."
Muka yi ta dariya har nas ta leƙo.

Ni mai fito ne.
Kwale-kwalena ya girmi jikata sau uku.
Daga wannan gaɓa zuwa waccan, rupi biyar,
'yan makaranta kyauta, haka ma Fada Kuriakose,
ko da yake kullum sai ya manta ayaba a kan benci,
mantuwar da ni da shi muka san ta ganganci ce.

Na daɗe ina roƙon Ubangiji manyan kaya:
injin jirgi, rufin da ba ya yoyo,
Chacko ya dawo daga Maskat da jaka cike.
Injin bai zo ba.
Rufin yana yoyo har gobe.
Har na taɓa yin fushi, na yi Lahadi uku
ina kai mutane coci, ni ina zaune a jirgi
ina jin ƙararrawa kamar ba da ni take ba.

To, yau da asuba na fito da sabon ido,
sai ga agwagin Varkey, ɗari biyar ko fi,
sun rufe kogi suna surutu kamar kasuwa,
guda ɗaya gurguwa tana bin baya,
ba ta fasa ba, kuma ba a bar ta ba.
Balbela ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan kainuwa.
Ashe kainuwa kore ce haka?
Shekara arba'in ina ture ta da sanda ina tsaki,
ita kuwa dashen Allah ce, ko shuka ta ba a yi ba.

Da rana rogo da miyar kifi,
barkono har hanci na zuba.
Na ga tururi yana tashi daga kwano,
na ga hannun da ya zuba mini,
da tabon wuƙar kankare kwakwa a babban yatsa.
Sau nawa na ci ban ce komai ba?

Ya Yesu, kai da ka zauna cikin jirgin masunta,
ka san warin koma, ka san ciwon kafaɗa,
ka gasa kifi a bakin ruwa ka kira abokanka,
ashe a nan kake tun tuni,
cikin shayi mai zafi a kofin ƙarfe,
cikin yaron da ya ce mini "na gode, kaka"
takalminsa a hannu don kada ya jiƙe.
Ni ina can ina leƙen hanya ko inji zai zo.

Dare ya yi. Thresiamma ta kunna fitila gaban gicciye.
Ruwa ya sauko, ta tura mini roba da ƙafa,
na sa ta inda ke ɗiga.
Tal. Tal. Tal.
Da, wannan ƙarar ke hana ni barci.
Yau ina lissafi da ita:
ɗigo ɗaya, agwagwa gurguwa,
ɗigo ɗaya, ayabar Fada,
ɗigo ɗaya, jan dutse a kunne.

Idon hagu yana nan cikin hazonsa, yana jira.
Idan rabin gani ke nan, ya Ubangiji,
ranar da ka buɗe duka
ina zan zuba shi?

Robar ta kusa cika.
Bari in tashi in zubar, kafin ta yi magana.