Mai Ƙirgan Kamyo

Aikina ƙirga ne.
Ina ɗakin kwano a bakin sikeli,
kamyo ya hau, in rubuta, ya sauka.
Ɗari da sha bakwai a yini,
kowane ɗauke da ɓarin dutsen Gidan Illo,
ya miƙe hanyar Tawa, ko waiwaye babu.

Shekara sha ɗaya ke nan.
Dutsen da rana ke ɓuya bayansa
ya zama rami, ciki take faɗawa.
Rijiyar Nomau ta tashi daga gaba talatin zuwa sittin,
daga nan guga ya riƙa dawowa da tsakuwa.
Ruwa ya koma famfon kamfani, sai da kati:
jarka biyu kowane gida,
ta uku sai ranar wankan gawa.

Albasarmu da ta san bakin teku,
ɗiyata Habsu a hoto ta gan ta.
Shekararta tara, tarinta na tsohuwa.

An hana taron da ya wuce mutum biyar.
Gwaggo Zali ba ta kira kowa ba.
Awaki uku gare ta, da buhun ƴaƴan gawo
da ta ɓoye tun kafin a sare na ƙarshe.
Ta ba su suka ci, ta bi bayansu da ƙwarya
tana tsintar kashi kamar mai tsintar kuɗi.

Daren Talata mata huɗu suka fita da hauya.
Tassa suka gina, irin ta kakanni:
rami, taki, iri,
amma a tsakiyar hanyar kamfani.
Da safe katafila ta cike.
Laraba wasu huɗu, can gaba.
Alhamis huɗu nan, huɗu can, huɗu a kwana,
ba wanda ya taka doka.
Samarin da suka dawo ci-rani suka karɓi hauya,
Arzika makaho na riƙe musu igiyar awo.

Jandarma suka tafi da Gwaggo Zali.
Ta ce, ku bar ni in ɗaure awakina.
Kwana tara ta yi, ta dawo ba haƙori biyu,
ta tambayi wa ya ba su ruwa.

Ɗari da sha bakwai ya koma tamanin.
Tamanin ya koma talatin da ɗaya,
ƙafafu na karyewa, direbobi na zagi.
Shugaba ya sa ni gaba: su wane ne?
Na ce, ranka ya daɗe, kamyo nake ƙirgawa.

Ba a yi ruwa ba tukuna.
Wataƙila ba abin da zai tsiro.
An ce sojoji na tafe ranar kasuwa.

Jiya na zaro hauyar babana daga rufin ɗaki,
ƙotarta duk gara.
Na tarar da su bayan makabarta.
Gwaggo ta zura hannu a ramina, ta yi tsaki:
wannan ginan mai alƙalami ne,
ƙara taƙi ɗaya.