Wa Ya Koro Ka?

Ina fita bayan asuba, takalmina ɗaure da igiya biyu,
ɗaya baƙa, ɗaya ta buhun gero.
Saura mako tara tseren fanfalaki,
kilomita arba'in da biyu da ɗan ƙari,
ɗan ƙarin nan ne ke hana ni barci.

A bakin kwalta Cima na hura wutar ƙosai.
Kullum tambayarta ɗaya:
"Wa ya koro ka?"
Sai ta leƙa bayana da ludayi a hannu,
ko za ta ga mai bin bashi.

An ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.
Ba a ce kada a haɗa shi da kallo ba.

Hanyar Tibiri, daidai dutsen kilomita huɗu,
akwai takalmin yaro, na hagu, shuɗi.
Mako na farko yana kwance a tsakiyar hanya.
Mako na biyu wani ya ɗora shi bisa kututture,
ya juya bakinsa gabas, yana jiran mai shi.
Da aka yi ruwa biyu
tafasa ta tsiro ta cikin madaurinsa.

Na ga jar akuya bisa rufin matacciyar Fijo,
tana tuƙa, tana duban gari
kamar ita ta biya kuɗin motar.
Na ga katanga da jan fenti:
WANNAN FILI BA NA SAYARWA BA NE,
ƙarƙashinsa lambar waya, har guda biyu.

Nomau mai amalanke na barci bisa yashin Gulbi,
hula a fuska, bulala a ƙirji.
Sansa ya san hanya.
Ya tsaya wa babbar mota, ya kauce wa rami,
ni ma ya ba ni hannuna.
Na gaishe da san, na bar Nomau.

Can wajen Jiratawa, ranar doguwar tafiya,
rediyo rataye a reshen bedi, ba kowa a lambu.
An bar shi ya kori tsuntsaye,
yana karanta wa zogale sanarwar ɗaurin aure,
buwa bakwai na zaune bisa shinge
har aka kai ga sunan waliyyi.

Wata Laraba, kusa da tasha,
mutum biyu suka gan ni, suka zubar da shayinsu,
suka bi ni ba tambaya.
Mun wuce gidan mai, mun wuce makaranta,
sai mai rawanin ya ce cikin haki,
"Malam, me ya faru ne?"
Na ce ba komai.
Zagin da na sha ya raka ni har Burja.

Wani ɗan kabu-kabu ya bi ni a hankali,
ya ce, "Hau, don Allah, na yafe kuɗin."
Tausayin da ke idonsa
ya fi ciwon gwiwata zafi.

Farcen babban ɗan yatsana ya yi baƙi, ya faɗi.
Kulluwa ta share shi da bawon gyaɗa,
ta ce ko jaki sai da kaya yake zuwa Madarunfa.

Jiya na sake hanya, na bi ta Sura.
Cikin kwalbati, rabi a laka,
ga na dama, shuɗi.
Na tsaya, abin da ba na yi,
agogo na ta cin lokacina.
Na cusa shi a ƙugu, na yi kilomita shida da shi,
na ajiye shi gefen ɗan'uwansa.
Ya fi shi girma da yatsa biyu.
Na bar su haka nan.

Da na dawo, Cima ta kwashe kaskon ƙarshe.
Ba ta leƙa bayana ba.
Ta dubi gabana, can inda kwalta ke rawa da rana,
ta miƙo ƙosai uku a takardar siminti,
ta ce, "Ka kusa kama shi?"