Layi Goma Sha Ɗaya

Goggona Ximena ba ta gani tun tana 'yar shekara tara.
Gidanta na saman tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sittin da biyu daga bakin titi,
ta san kowacce da tafin ƙafa,
har wadda girgizar ƙasa ta tsaga aka manta da ita.

Yanar gizo kuwa da kunne take shiga.
Wata murya a kwamfuta ke karanta mata shafi,
sauri-sauri, kamar mai abinci a kan wuta.
Ranar Talata ta nemi layin ganin likita,
ta cike suna, ta cike lamba, ta zaɓi rana,
da ta iso maɓallin ƙarshe, murya ta yi gum.
Ni ina ganinsa, kore shar.
A kunnenta bango ne.

Ta ce, Baltasar, wa zan kai wa ƙara?
Na ce burauzar nan ba ta da maigida guda,
tukunyarta a buɗe take,
kowa na iya leƙa abin da ke tafasa.
Na rubuta koke da Turancina mai ɗingishi,
na aika, ban sa rai ba.

Kwana tara shiru.

Ran na goma wani ya amsa daga Oulu,
inda ranar hunturu ke leƙowa ta koma kamar mai jin kunya.
Aulis Kemppainen, tsohon ma'aikacin masana'antar takarda,
ciwon gwiwa ya raba shi da barci.
Ya ce ya kashe allonsa, ya zauna cikin duhu,
ya bi sawun goggona da kunne
har shi ma ya yi karo da bangon.
Ashe in shafi ya sake shiri,
sai burauza ta manta sunan maɓalli.
Ya rubuta layi goma sha ɗaya.

Mrinal, a Pune, ita ke duba gyara kafin ya shiga.
Ta mayar masa.
Ta ce ka ɗinke nan, ka yage can,
masu rubutu daga dama zuwa hagu fa?
Ya gyara, ta sake mayarwa.
Tsoho ya fusata, ya fita kwashe ƙanƙara a ƙofar gida,
ya dawo ya rubuta: kin yi gaskiya.
Duk a bainar jama'a aka yi,
na karanta gardamar kamar mai zaune a gefen tabarma.

Da, na ɗauka taga gilashi ce kawai.
Ashe mai taga ke yanke inda za ka hango,
da wanda za a bari yana laluben bango.
In tagar duniya ta koma hannun mutum ɗaya,
ran da ya ja labule, sai haƙuri.
Wannan kuwa gayya ce,
ba wanda ya san fuskar wani,
kowa ya zo da fartanyarsa.

Bayan mako shida sabuntawa ta shigo da dare,
ba kiɗa, ba sanarwa.
Da safe goggo ta bi hanyar da ta saba,
suna, lamba, rana,
sai murya ta ce: Tabbatar.
Ta koma baya, ta sa ta maimaita sau uku
kafin ta danna.

Ta ce in tambayi adireshinsa, za ta aika masa zuma.
Aulis ya ce a bar zumar,
ta gwada shafin biyan kuɗin wuta, ta faɗa masa abin da ta ji.

Yanzu koke huɗu ke nan ta kai da kanta.
Na biyar tana kan rubutawa,
tana mita wai Mrinal ta cika tsanani,
shayinta na hucewa a gefen kwamfuta.